Jan Farce Cikin Kusoshi

Da rana tsaka ta zo shagona, lokacin da ba ta saba zuwa ba. Ina duƙe kan wata waya da ta sha ruwa. Inuwarta na fara gani a kan teburi.

"Malam, sannu da aiki."

Malam. Tun da muka fara soyayya Injiniya take ce mini, ko a gaban mahaifiyata. Na ajiye hantsaki.

Ba ta zauna ba. Ta ciro wayar da na haɗa mata da hannuna, ta ɗora a gabana. A nan na ga yatsunta. Dogayen faratan roba, jajaye, sai sheƙi suke. Ita da take cin farcenta in ranta ya ɓaci, sai in kama hannun in cire mata daga baki.

"Na dawo maka da ita. Layina kawai zan cire."

"Shi ya sayo miki wata?"

"Don Allah kada mu fara."

Labarin ya riga ta zuwa. Wanda ta samu mai kantin kayan gini ne, yana da mota. Yau da yamma zai kai ta ta gaida mahaifiyarsa. Faratan na wannan tafiyar ne.

Wayar tsohuwar yayi ce, sai an ɓamɓare murfin baya. Na miƙa hannu.

"Kawo in buɗe."

"Bar shi, na iya."

A da ta iya, lokacin da yatsun nata ne. Ta cusa jan farcen a gefen murfin, ta danna. Ƙas! Ba ta yi ihu ba. Iska ta ja ta haƙora, ta dunƙule hannun a ƙirji.

Robar ta tsage a tsakiya, ta ɗago farcen gaskiya da ke ƙarƙashinta daga nama. Jini ya bi yatsan, ya ɗiga a kan teburi.

Mai cajin waya, maƙwabcin shagona, ya leƙo. "Subhanallahi! Amaryarmu, da wa aka yi dambe? Injiniya, zuba mata sifirit ɗin nan naka, yanzu ya ƙone!"

"Waya ce ita?" na ce. "Je ka kemis. Bandeji, auduga, man ciwo."

Ya tafi yana cewa ni ban san wasa ba. Bai san ta daina zama amaryarmu ba.

Na wanke hannuna. Na naɗe yatsan da sabon ƙyallen goge gilashi, na matse, na ɗaga hannun sama da kafaɗarta. Muka tsaya haka. Tana kallon titi, ni ina kallon ƙyallen yana rinewa.

"Ba ni gam ɗinka," ta ce. "Ka manna mini shi kawai."

"A'a."

"Ba zan je gaban matar nan da tsumma a hannu ba."

"In na manna, datti zai kwana a ciki. Ya kumbura, ya yi ruwa. Gam na roba ne da ƙarfe."

"Ramuwa kake yi."

Gam ɗin na nan kusa da gwiwar hannuna. Da ramuwa nake so, shi zan ɗauka.

Da jinin ya tsaya, na zaunar da ita a kujerata, na jawo fitilar aiki. Na tsiyaya ruwan gora a kan yatsan, na wanke gefensa da sabulu. Ta runtse ido. Na wanke abin yankan farce, na datse ɓangaren da ke lilo kaɗai, don kada ya maƙale a mayafi ya ƙara yagewa. Guntun ya yi tsalle, ban ga inda ya faɗa ba.

"Sauran robar fa?"

"Ki bar ta. Kada ki ɓamɓare, kada a sa miki ruwan cire farce. Sai ya warke."

Mai caji ya ajiye leda, ya dube mu, ya fita ba wasa. Na shafa man. Na soma naɗa bandeji. A hankali nake yi, fiye da yadda aikin ke buƙata. Ta sani. Ba ta ce in yi sauri ba.

Ta dubi yatsan.



"Farcen zai sake fitowa?"

"Zai fito. Sai an yi watanni."

Na ɗaure bakin bandejin. Ban saki hannun ba.

"Kullum ake canjawa. Kada ya jiƙe. In ya yi zafi ko ya fara wari, asibiti." Na dube ta. "Da hannu ɗaya ba ya naɗuwa. Gobe ki zo in canja miki."

Iyakar roƙon da na iya ke nan. Ta gane shi. Ta daɗe tana kallon farin yatsan a tsakanin jajayen.

"Ƙanwata za ta yi, Injiniya."

Na saki.

Na ɗauki wayar, na buɗe murfin da ɗan ƙarfena, na zaro layin. Na naɗe shi a takarda, na sa mata a tafin hannu mai lafiya.

A bakin ƙofa ta tsaya. Hannunta ya tafi baki, kamar kullum. Haƙoranta suka ci karo da roba. Ƙafata ta motsa, na tsayar da ƙafar. Da kanta ta sauke hannun, ta tsallaka titi.

Na goge jinin. Na koma kan wayar da ta sha ruwa. Na sa hantsaki cikin faifan ƙananan kusoshi, sai ga guntun jan farce kwance a tsakaninsu.

Na ɗauki kusar da ke gefensa.