Gyara da Jan Biro

Da jan biro malamin kimiyya ya rubuta "Gyara" a littafin 'yarta, har ya ja layi biyu a ƙasa. Maman Auta ta tsayar da keken ɗinki ta duba.

Kowace Laraba 'yan aji biyar sukan je rafin bayan makaranta, su ɗebo ruwa a kwalba, su kara shi da farar takarda, su rubuta launinsa da warinsa. Abin da suka rubuta shi ake kai wa kwamitin unguwa. Yarinyar ta rubuta: "Toka-toka ne, yana warin baƙin mai." Malam ya soke, ya ce ta rubuta "garau" sau goma.

"A ina kika ɗebo naki?"

"Wajen dutsen wanki, Mama."

"Sauran fa?"

"Sama da gada. Malam ya ce can babu taɓo."

Sama da gada. Bututun masu wankin mota kuwa a ƙarƙashin gadar yake zuba. Uwar ta dubi ƙurajen wuyan ɗanta Auta. Mako uku tana canza sabulu, tana ɗora wa zafi laifi.

Washegari ta goya shi, ta bi ta dutsen wanki ta cika kwalba, ta dire ta tare da littafin a teburin malamin, gaban sauran malamai.

"Malam, ina kwana. Na kawo maka garau."

Ya gyara tabarau. "Baiwar Allah, 'yarki umarni ta saɓa. Yara ashirin da tara sun rubuta abu ɗaya, ita kaɗai ta bambanta."

"To bismillah, kurɓi."

Wata malama ta danne dariya. "Yau dai Malam ba ya jin ƙishi."

"Don kada su ɓata yunifom na hana su sauka can," in ji shi.

"Yunifom ɗin a can muke wanke shi." Ta juya masa baya, ta janye majanyi ya ga wuyan yaron. "Wata nawa kwamiti na karanta garau, mu muna tsoma kayan 'ya'yanmu a ciki? Kuma wadda ta faɗi gaskiya ita ce za ta yi gyara?"

Ya buɗe kwalbar, ya sansana, ya kau da kai. Ya ɗauki jan biron ya soke "Gyara", ya miƙo mata littafin.

Ba ta karɓa ba. "Takardar kwamiti fa?"

Ya jawo ta daga aljihun tebur, ya tsaya da biro a hannu. "To me zan rubuta?"

"Kwafa daga littafin ɗalibarka. Sau ɗaya ma ya isa."