Ranar da Aka Kawo Ƙasashe a Akori-kura

Daren jiya barci ya sace ni ban ko cire takalmi ba, na kuwa yi wani mafarki. Ni malamin labarin ƙasa ne a jami'a. Shekara goma sha tara ke nan ina zana wa ɗalibai teku a allo, alhali ni da su babu wanda ya taɓa sa shi a ido. Yau da ƙarfe goma ajina zai fara darasin haɗin gwiwa ta intanet da wasu ɗalibai na Indonesiya. An ce gwaji ne, idan yaranmu suka yi gum za a soke shirin. Ni kuwa na san halin kayana. In na ce “Akwai tambaya?” sai ajin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su.

A mafarkin sai ga ni a Ofishin Hulɗa da Ƙasashen Waje. Wani bunsuru ne darakta, da tabarau da babbar riga, yana cin fasfon wani a tsanake.

“Ranka ya daɗe, fasfo ne fa,” na ce.

“An daina amfani da shi,” in ji shi. “Tunda yaranku ba su da halin zuwa ƙasashen, mun aika an kawo ƙasashen. Amma aro ne. Da azahar za a mayar, masu su a ciki suke kwana.”

Na ga maganarsa a kan hanya take, na yi godiya na fito.

A ƙofar jami'a akori-kura uku suna sauke kaya. An naɗe Brazil an jingine ta da bishiyar darbejiya. Masar a buhu ta zo, tana ta zuba ta gindi. Tsibiran Indonesiya kuwa a kan faifai aka jera su, direban yana kashedi kada a girgiza, akwai mutane a kai. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya yi sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta.

Sai ga mu a babban ɗakin taro. An zaunar da baƙin da aka kawo tare da ƙasashen a babban teburi, ɗalibaina ɗari da ashirin suna can ƙasa. Wata akuya ce mai gabatarwa. Ta fara gaishe da manya: shugaban jami'a, mataimakinsa, mataimakin mataimakinsa, wakilin wanda bai samu zuwa ba, da kujerar da ya kamata ya zauna a kai. Kujerar ta miƙe ta amsa. Duk sunan da aka kira, agogon bango sai ya haɗiye minti goma ya yi gyatsa.

Kafin a zo kaina rana ta take tsaka. Na dubi ɗalibai na ce, “To, ga duniya an kawo muku har gida. Akwai tambaya?”

Babu wanda ya ko yi tari. Na san ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. An koya musu ba a tsare baƙo da tambaya, ba a kuma katse malami, kuma da hannuna a wannan koyarwar. Ta taga na hango direbobi sun fara tayar da mota.

Cikin baƙin akwai wata dattijuwa, malama daga ɗaya daga cikin tsibiran. Ta kurɓi ruwan da aka ajiye mata, ta tsaya tana kallon moɗar.

“Tun da muka zo ba a kawo wuta ba,” ta ce, da Hausa tsaf irin ta Katsinawa. “Ya aka yi ruwan nan ya yi sanyi haka? Mu in aka ɗauke wuta da ɗuminsa muke sha.”

Na gyara murya zan ba ta amsa, don ni na saba amsa komai. Sai alli ya fara fitowa daga bakina, sanda-sanda, fari fat. Na sake buɗe baki, alli. Na koma na zauna ina tarawa a hula.

Daga can baya wata ɗaliba ta miƙe. Mansura ce, wadda shekara uku ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna.

“Randa ce, Mama,” ta ce. “Ana binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi.”

“Ba kowace randa ba dai,” in ji wani ɗalibi, Ɗahiru. “Sai ta garinmu.”

“Kai, taku mai yoyo?” in ji Mansura.

Ɗaki ya kece da dariya. Dattijuwar ta ciro littafi tana rubutu. Da Mansura ta ga maganarta ake rubutawa, sai ta gyara tsayuwa.

“Mama, ni ma in tambaya? Ku da ruwa ya kewaye, in mutum ya yi fushi da mutanen gidansu, ina yake zuwa ya huce?”

“Kwalekwale yake shiga ya zagaya, 'yata. Kafin ya dawo yunwa ta yi masa nasiha.”

Daga nan kunne bai ƙara hutawa ba. Babban teburi ya durƙusa kamar raƙumi, baƙi suka sauko cikin ɗalibai. Nan ana musun barkonon wa ya fi yaji, can ana gwada yadda ake gaishe da surukai. Direbobi suka danna hon, babu wanda ya waiga. Bunsurun ya matso kusa da ni yana share gumi.

“Malam, lokaci ya yi, amma na rasa yadda zan raba su. Ba a gane baƙo, ba a gane ɗan gida.”

Na so in ce masa ya bar su, alli ya fito. Wallahi ban taɓa jin daɗin rasa bakin magana irin na wannan lokaci ba. Har ƙwalla na yi.

Hon ɗin ya yi ta ƙara, sai na farka. Ashe injin markaɗen maƙwabciyata ne, ƙarfe bakwai da rabi. A kan teburina ga jawabin maraba mai shafi shida da na shirya wa darasin yau. Na bar shi a nan. Na kira shugaban aji na ce ya kama mini wuri a bencin baya.

“Bencin baya, Malam? To wa zai yi magana?”

“Ku,” na ce masa.