Hular da Ta Dawo Babu Auduga

Tun da Auta ta faɗi darasin dabarun bincike bara, hankalin babanta bai ƙara kwanciya ba. Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a, tana karatun aikin kula da walwalar jama'a, kuma in ta sake faɗuwa ƙawayenta za su fita su bar ta. Shi kuwa karatunsa bai yi nisa ba, bai san ta inda zai kama mata ba.

Sai ga hanya ta samu. Malamarsu ta ce kowa ya nemi wanda ya taɓa rasa aikinsa, ya yi hira da shi, ya naɗa a waya ya kawo. Tunda gwaji ne, na gida ma ya yi.

"Baba, ba a faɗin suna a bincike," in ji Auta. "Daga yau kai ne Lamba Ɗaya."

"Shekara goma sha bakwai ina masaƙa, lambata ɗari huɗu da shida. Yau dai an yi mini ƙarin girma."

Kwana uku yana shiri. A shagonsa na gyaran fanka da ke jikin gida, yana kwance ƙusa yana bitar amsoshi, har da rubuta manyan kalmomi a bayan kwali. Ranar hira ya sa rigarsa mafi kyau, ko da yake waya murya kawai take ɗauka, ya zauna a falo ya gyara zama. Ya ce rufe masaƙa ya jawo koma-bayan tattalin arziki, amma ma'aikata sun nuna juriya. In ya yi tuntuɓe, Auta ta ƙarasa masa. Suka tashi kowa yana yabon ɗan'uwansa.

Bayan kwana huɗu ta shigo shago ta zauna a kan benci, jaka a cinya.

"Me ta ce?"

"Ta ce wannan ba hira ba ce, sanarwa ce. Wai Lamba Ɗaya so yake in ci jarrabawa, shi ya sa bai gaya mini komai ba. Kuma laifina ne. Ta ƙirga, sau goma sha ɗaya na ƙarasa maka magana."

Ashe da hannunsa ya ƙara tura ta rami.

"Ta ba ni mako ɗaya in sake. Ta ce in same ka a wurin aikinka, in yi tambaya ɗaya, in ka yi shiru in ƙirga goma a zuciya kafin in buɗe baki."

"Ke? Goma? Ko uku ban taɓa ganin kin kai ba."

Ranar Asabar da hantsi ta ɗora waya a kan wata tsohuwar rediyo, tsakanin fukafukan fanka da gwangwanin ƙusoshi. Shi yana goge wani inji, hannu duk baƙin mai.

"Baba, ranar da aka rufe, me ka fara lura da shi?"

"Ba komai. An dai rufe."

Ya jira ta cece shi. Ba ta ce uffan ba. Ya ga babban yatsanta yana bin gaɓoɓin yatsu a ƙarƙashin littafi. Shirun ya yi masa nauyi, kamar ya bar baƙo tsaye a bakin ƙofa.

"Jiniya ce ba ta yi kuka ba," ya ce.

Daga nan magana ta ɓalle. Jiniyar ƙarfe shida, wadda da ita matan unguwa suke ɗora ruwa. Kekuna ɗaruruwa suna kwarara ta ƙofa ɗaya, ƙararrawa ko'ina. A ciki ƙarar injuna ba ta barin a ji murya, sai suka koyi magana da leɓe da hannu. Abokinsa Dogo yakan yi maka tsiya daga inji na arba'in, ka gane tsaf, ka rama, shugaban sashe yana tsakiya bai san ana yi ba. In an tashi, samari su fito kai fari fat kamar dattawa, auduga a gira, auduga a gemu.

"Ke kina shekara huɗu. Ina shigowa za ki cire mini hula, ki tsince audugar ki tara a gwangwani, wai za ki yi wa 'yar tsanarki matashi."

Ya yi dariya, ya tsaya. Ya ɗauka an gama. Yatsan nan ya sake fara tafiya. Ya kalli injin da ke hannunsa, ya ajiye.

"Mako uku ina fita da sassafe kamar kullum. In je gindin bishiyar da ke kallon ƙofar, ni da Dogo, mu zauna. In rana ta yi mu ci abincin da uwarki ta ƙulla mini. Lokacin tashi ya yi, in hau keke in dawo. Na kasa gaya mata. Har yau ban gaya mata ba."

"Tun rana ta biyu na sani."

Mama ce tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da gida, riƙe da butar shayi.

"Hularka ta dawo babu auduga, Baban Auta. Yarinyar nan ta juya ta, ta sake juyawa, ta kawo mini gwangwani tana kuka."

"Kuma kika yi shiru?"

"Kai ma ai shirun ka yi. Abinci dai na ƙara, don na san bakin Dogo."

Auta ta kashe wayar, ta share ido da gefen mayafi.

"Baba, haƙƙinka ne. In ba ka son Malama ta ji wannan, yanzu zan goge. Haka aka koya mana."

Ya yi tunanin wata baƙuwar mace a ofis tana sauraron yadda ya zauna gindin bishiya da kwanon abinci. Kunya ta kama shi. Ya dubi 'yarsa, wadda yau ta iya kama bakinta har goma, sau biyu.

"In an goge, me ya saura?"

"Jiniya da kekuna."

"Bar shi. Ai ba ni ba ne, Lamba Ɗaya ne."

Mako biyu bayan nan ta dawo tun daga bakin titi tana kaɗa takarda. Ta ci. Ya goge hannu sau biyu a jikin riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana duban jan biron Malama, duk da rubutun ya fi ƙarfin idonsa.

"Ta ce wani abu a kan Lamba Ɗaya?"

"Ta ce a gaishe shi. Amma wai matar nan mai lura da hula ita ce mai bincike a gidan."

"Kar ki gaya wa uwarki."

"Na ji," in ji Mama daga ciki.