Hanyar Malam Dalhatu

…wai don an ga ya ajiye alli. Shi ke nan, mutum ya tsufa ya koma gida, sai kowane yaro mai usur a wuya ya ɗauki sunansa ya ja a ƙasa? Malam Dalhatu yana hawa, sanda a dama, gwiwar hagu tana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ba zai tsaya ba. Tudun nan da gudu yake hawansa tun uwar Gidiyon na goye da shi — Gidiyon ɗin nan, sabon malamin wasanni, mai farin kambas wanda ko ƙaya ba ta taɓa huda shi ba.

Ga kukar farko. Farar ƙasar da ya shafa mata ta dushe, amma tana nan. Shi ya fitar da hanyar nan, da ƙafarsa. Daga bayan makaranta a Dutsin-Ma, a bi burtali, a ratsa gonakin Karofi, a hau dutse, a faɗa dajin marke da kirya, a gangaro ta rafi, a dawo gida. Tseren daji na makarantu, duk shekara, har yaran Kurfi ake lodowa a bayan mota su zo su sha kashi. Ba hukuma ce ta raɗa mata suna ba. Mutane ne. Hanyar Malam Dalhatu. Ko mata masu itace in za su yi wa baƙo kwatance haka suke cewa…

Kuma doka ɗaya ce tak. Ɗaya! Ba a gudu sai an saki gonaki. Sai an gama roron wake, an ɗaure harawa an ɗora ta bisa itatuwa, dagaci ya sa an yi shela cewa Fulani su shigo da shanu su ci kara. Ranar da saniya ta taka gona, ranar ɗan makaranta zai taka. Mene ne mai wuya a nan? Jakin Karofi ma ya san wannan.

Amma malamin zamani bai sani ba. Ina zai sani? An ce daga sama a yi tsere kafin hutu, sai ya busa usur. Bai ɗaga ido ya dubi gona ba, bai tambayi kowa ba — tsoho yana nan zaune a zaure, jifa ɗaya daga makaranta, yana jin hayaniyar yara, ba a ce masa ko ci kanka ba. Aka saki garken yara cikin waken Hudu, tsohon ɗalibinsa mai noma a Karofi. Wake ya bushe, yana jiran hannu kawai. Ƙafa ta hau, kwanso ya fashe, ƙwaya ta watse cikin rairayi, na baya suka tattake abin da na gaba suka rage. Abincin gidan mutum na rani…

Numfashi. Ba gajiya ba ce, tsayawa ya yi ya duba alama. Ga ta can jikin kanya — a'a, wannan ba tasa ba ce. Jan fenti. Kibiya da jan fenti, a karkace, tana nuna inda ko akuya ba za ta bi ba. Dubi aikin hannu! Yaron aji uku da zai zana masa wannan a allo da ya sha bulala. Yanzu su ne malamai. An buɗe makarantu ko'ina, ilimi kyauta, an debo su kamar gyaɗa, kowa da agogo da biro a aljihu, ba mai iya bambanta harawa da ciyawa.

"Malam, hanyarka ta cinye mini wake."

A ƙofar masallaci. Ranar Juma'a, mutane suna neman takalma. Hudu ne, Hudu da ya koya wa yadda ake hawan tudu, a rage taki, a sunkuya kaɗan, a bar baki rufe. Hudu da ya taɓa goyawa daga rafi har gida da ya gurɗe ƙafa, yana kuka yana shafa masa majina a riga. Yau ga gemu, ga 'ya'ya, ya dube shi ido cikin ido. Hanyarka. Bai ce makaranta ba, bai ce Gidiyon ba. Wa ya san wani Gidiyon a Karofi? Sunan da suka sani shi suka kama. Kowa ya sunkuya kan takalminsa kamar an canza masa su…

Matarsa Azumi ta ce ya bar musu. Matar da ta shekara da shekaru tana wanke masa gajeren wando ta ce, "Malam, ka bar musu kayansu, wa ya aike ka?" Ya bar musu me? Sunan? Shi ne kawai abin da bai bari a makarantar ba ranar da ya miƙa makulli.

Shi ya sa da safen nan ya sa babbar riga ya tafi. Ofishin hedimasta, bai zauna ba ko da aka ja masa kujera. Ya shirya maganarsa tun a hanya, daki-daki, yadda yake shirya darasi. A je gaban dagaci a faɗa da baki cewa ba shi ba ne. A roƙi Hudu gafara. Kuma a cire sunansa daga wannan ɓarna, a cire shi kakaf, kada ya sake jin an haɗa shi da ita. Ya so a yi musu. Wallahi ya so. Ya tanadi amsar kowace gardama.

Gidiyon na nan zaune a ofishin; yaron ya miƙe, hannu a baya. "Baba, ka yi haƙuri, ban sani ba. A wajenmu ba haka ake yi ba. Na riga na je wajen Malam Hudu jiya. Baɗi a kan kwalta za mu yi, hanyar Kurfi, a je a dawo. Ba wanda zai ƙara damunka."

Ko gardama bai iya ba! Haka kawai, kamar an ce ya goge allo. Kwalta… wai gudu a kan kwalta. Hanya miƙe kamar igiyar shanya, ba hawa, ba gangara, ba inuwa, yara suna kauce wa motar kaya, malami yana binsu a kan keke. Me za su koya? Ta ina za su san yadda ƙirji ke zafi a rabin dutse, ka ji kamar ka zube, sai ka shiga ƙarƙashin marke sanyi ya buge ka, ƙafa ta dawo da kanta? Ta ina za su san inda rairayin rafi ke cin ƙarfi, inda ake wuce ɗan Kurfi yana haki? A je a dawo. Abin da kaza ke yi a tsakar gida.

Ya dai ce madalla. Ya fito, riga tana kaɗawa. Ya ci nasara, ai nasara ce, me ake kira nasara in ba wannan ba? Saura Hudu ya ji daga bakinsa. Shi ya sa yake hawan nan da rana tsaka, ba don wani abu ba.

Ga tsamiya, ga farar alamarsa ta biyu, daga nan hanya ke shiga gona — ina hanyar? Ƙaya. Reshen aduwa da magarya, an sassaro an jibge, daga gindin tsamiya har jikin dutse, an danne da manyan duwatsu. Aiki mai kyau, wannan kam. Hudu yana can cikin gonar da gatari a kafaɗa, ya hango shi, ya rusuna, har da cire hula.

"Malam! Da kanka, da wannan ƙafa? Ai malamin nan ya zo, ya ce ba ruwanka. Ka yafe mini maganar masallaci, zuciya ce. Ka ga ma na toshe, maƙwabta su ma za su toshe nasu. Kowa ya huta."

Kowa ya huta. Yana so ya ce, to in an saki gonaki fa? In shanu sun shigo? Su wa za su bi? Yaran suna kwalta. Bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne, ta ina zai wuce zuwa dajin.

"Daji kuma? Sai dai ka koma ka zaga ta titi, Malam."

Gatari ya ci gaba da sara. Ta saman ƙayar yana hango kawunan marke, can, kusa ƙwarai, inda sanyin yake. An wanke shi. Dagaci zai ji, masallaci zai ji, duk abin da ya nema an ba shi, ba a rage ko ɗaya ba. Damina biyu ciyawa za ta rufe sawun, ruwa ya ƙarasa farar ƙasar, mata masu itace su sami wani kwatancen… Shi ya ce a cire. Da bakinsa, a tsaye, cikin babbar riga. Wa zai kai ƙara yanzu? Wajen wa?

Gwiwar ta ƙi. Yana lalubar saiwar tsamiya da hannu, yana zama a hankali, bayansa jikin alamar. Ɗan hutawa ne kawai — ɗan kaɗan — kafin ya…