Bayan An Buga Tebur

"Ba kana wurin ba?" in ji Yaya. "Da kunnenka fa ka ji Ciyaman."

"Na ji."

"To ina maganar take?"

"Ba ta shiga rahoto ba."

"Ba ta shiga ba! Akuya ce da za ta ƙi shiga gida? Kai ne mai biron. Abin da ka sa shi ne ya shiga."

Ƙafarta na kan keken ɗinki amma ba ta taka ba. Ƙofar shagon a buɗe take, ina kallon jan fentin alamar rusau da yaran Injiniyan ƙaramar hukuma suka sake shafa mata da safe. Bai bushe ba. Ya zuraro har kan kwaɗo.

Mijinta yana kan benci yana sa maɓalli a rigar makaranta. Ya ce, "Ki bar yaro ya yi bayani mana."

"Kai kuma yi ta kanka. Duba, a juye ka sa shi."

Ni ne mai rubuta rahoton zama a majalisar ƙaramar hukuma. A gida Akawu suke kira na. Yaya ce ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, a ƙarƙashin teburin yankan shagon nan na yi karatun jarrabawa, ƙyallaye na zubo mini a ka.

A zaman da ya wuce aka kawo batun faɗaɗa lambatun bayan tasha. Kansiloli suka amince a rushe duk shagunan da ke kan layin, har da na Yaya. Telolin layin suna bencin baya, Yaya a gabansu. Ciyaman ya buga tebur, ya ce an tashi. Na rufe birona. Ana ta jan kujeru sai Yaya ta tare shi tun bai fito daga bayan tebur ba. Ya saurare ta, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce ba za a taɓa layinsu ba sai an ba su wani wuri. Aka yi tafi. Har da kansiloli.

"Bayan an buga tebur ya faɗa, Yaya," na ce. "Abin da aka faɗa bayan an tashi hira ce."

"Hira?"

"Haka aikin yake."

"To je ka gaya wa katafila hira ce ko ba hira ba."

Injiniya ba ya aiki da tafi. Rahoto yake jira. Ranar da majalisa ta amince da shi, Ciyaman ya sa hannu, ranar zai tada katafila.

Da na koma ofis na zauna gaban na'ura, na buɗe rahoton, na ƙara layi ɗaya a ƙasan batun lambatu. Na rubuta maganar Ciyaman yadda ya faɗe ta, ban ƙara ko gishiri ba. Na kai wa Sakatare.

Sakatare tsoho ne, ba ya sauri. Yatsa yake bi da shi layi-layi. Da ya zo wurin sai yatsan ya tsaya. Ya cire tabarau.

"Yaushe aka faɗi wannan?"

"Ranka ya daɗe, kana wurin."

"Ina wurin. Yaushe aka faɗa?"

"Bayan an tashi."

Ya ɗauki jan biro, ya ɗora rula, ya ja layi a kai, miƙaƙƙe.

"Me na gaya maka ranar da ka fara aiki?"

"Kafin a buɗe ba ni da kunne. Bayan an rufe ba ni da kunne."

"A tsakani kuma ba ka da baki." Ya miƙo mini takardar. "Na san shagon 'yar'uwarka ne. Ita ta rage mini wandon nan. Amma in na bar naka yau, gobe wani zai kawo abin da Ciyaman ya faɗa masa a cikin mota. Jibi kuma wanda ya faɗa a mafarki."

Ban tafi ba. Fanka na juyawa, tana ɗaga gefen takardun da ke kan teburinsa.

"Ƙofa ɗaya ce ta rage," ya ce. "In ka karanta rahoton a zama mai zuwa, Ciyaman zai tambaya ko akwai gyara. Kansila zai iya ɗaga hannu ya nemi a dakata da batun lambatu. Kansila, na ce. Ba kai ba, ba ni ba."

Kansilan unguwarmu Ina-Zuwa ake ce masa, don in ka kira shi a waya abin da zai ce ke nan. Na same shi a gareji yana tsaye kan bakanike.

"Akawu na kaina! Ya rubutu?"

Na yi masa bayani.

"Kash. Lokacin na fita amsa waya. Ban ji ba, amma na ji an ce."

"Ba sai ka ji ba, Honarabul. Hannu kawai za ka ɗaga."

"Hannu? Ai ko biyu kake so." Ya ɗaga su duka, bakanike ya yi dariya. "Gaya wa Yayarmu ta kwantar da hankalinta. Ta kuma gama mini rigar nan tawa."

Akwai wata kansila mace da ta fi kowa tafi a ranar. Na tare ta a baranda. Ta ce ta ji, ƙwarai ta ji, amma lambatun nan ruwan unguwarta zai kwashe, in ta ɗaga hannu da wane ido za ta koma gida. Ban ga laifinta ba. Na taɓa bi ta unguwar tasu da damina.

Ciyaman kuwa a bakin mota na same shi, direba ya riga ya buɗe ƙofa.

"Na faɗa, kuma ban janye ba," ya ce. "Ni ba na magana biyu. A kawo shi cikin ajanda."

"An rufe ajandar wannan zaman, ranka ya daɗe."

"To na gaba." Ya dafa kafaɗata. "Rubutunka na da tsabta, yaro. Ka riƙe shi haka."

Ranar zama na sa farar rigar da Yaya ta ɗinka mini lokacin da na samu aiki. Aljihun ta yi shi dogo, don biro. Na jera ruwa a gaban kujeru, na raba ajanda, na zauna a ƙaramin teburina kusa da na Sakatare. Teloli suka shigo suka cika bencin baya. Yaya ta zo da aiki a leda, tana kalmasa bakin siket da allurar hannu. Ba ta dube ni ba.

Ina-Zuwa ya zo. Na ji sanyi a raina da na gan shi. Har ya ɗaga mini gira.

Ciyaman ya buga tebur. Na buɗe biro.

"Rahoton zaman da ya wuce. Akawu, bismillah."

Na miƙe. Na karanta sunayen waɗanda suka halarta, da waɗanda suka aiko uzuri. Na karanta batun fitilun kasuwa, da na rufin asibiti. Da na zo kan lambatu na rage sauri. An amince a rushe shagunan da ke kan layin. An umarci sashen ayyuka ya aiwatar. Na tsaya a nan fiye da yadda ya kamata. Sakatare ya yi gyaran murya. Na ƙarasa, na zauna.

"Akwai gyara?" in ji Ciyaman.

Hannu ya tashi. Ba na Ina-Zuwa ba ne. Wani kansila ne mai ƙiba daga ƙarshen tebur.

"Ranka ya daɗe, an sa sunana a ƙasan na wancan yaron. Na riga shi shigowa majalisar nan, na riga shi shigowa ɗakin nan, na kuma riga shi zuwa duniya."

"Za ka kuma riga ni barinta," in ji ɗayan.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ciyaman ya share ido ya ce a gyara. Na rubuta: a gyara jerin sunaye.

"Akwai wani gyaran?"

Na dubi Ina-Zuwa. Wayarsa na haske a kan tebur. Ya dube ta, ya dubi Ciyaman, ya dubi kansilar nan mace. Hannunsa ya motsa. Wayar ya ɗauka. Ya kara ta a kunne, ya rusuna, ya bi ta bayan kujeru ya fita.

Bakina ya buɗe. Sakatare ya ɗora yatsa ɗaya a gefen teburina, bai ko juyo ba.

Yaya ta miƙe. Siket ɗin ya faɗi ƙasa da allurar a jiki.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara."

Kowa ya waiwaya.

"Malama, yi haƙuri," in ji Ciyaman, da murya mai taushi. "Baƙi ba sa magana ana cikin zama. Doka ce, ba ni na yi ta ba. Zauna. In an tashi za mu saurare ki, har ki gaji."

"Ai wancan karon ma..."

"In an tashi, Malama."

Masinja ya matso kusa da ita. Bai taɓa ta ba, tsayawa kawai ya yi. Mijinta ya ja gefen mayafinta. Ta zauna.

Mai ƙiba ya gabatar da a amince da rahoto. Wanda ya tsokane shi ya mara masa baya. Na rubuta sunayensu, na mai ƙiba a sama. Sakatare ya miƙa takardar, Ciyaman ya sa hannu. Injiniya, da ke zaune jikin bango, ya tashi ya fita yana latsa waya.

Sauran zaman na rubuta shi duka. Batun shara. Batun karnukan da ke yawo a makaranta. Ban tsallake komai ba. Tsayuwar Yaya ba ta da wurin shiga. Na duba ƙasan takardar, na duba gefenta. Babu.

Ciyaman ya buga tebur.

Ban san lokacin da na rufe biron ba. Hannu ne ya saba. Na tsinci kaina ina sa shi a dogon aljihun nan.

Aka fara jan kujeru. Ciyaman bai tashi ba. Ya jingina, ya buɗe hannuwa, fuskarsa a sake.

"To, Malama, ga mu. Muna jin ki."

Yaya ta tako har gaban tebur. Kansilolin da suka miƙe suka dakata. Ba Ciyaman ta duba ba. Aljihuna ta duba, inda kan biron ya leƙo. Sannan ta dubi Sakatare, ta dubi kujerar Ina-Zuwa.

"Yanzu in na yi magana," ta ce, "wa zai rubuta?"