Malam Geza da Gungumen Tuzurai

A ƙauyenmu, in azumin coci ya ƙarato ba a ɗaura aure ko ɗaya ba, tuzurai da matan da suka daɗe a gida su ne da jan gungume. A sare ƙatuwar bishiya, a ɗaura mata igiya, su ja ta daga daji har bakin coci, gari na yi musu dariya. Bana karo na uku ke nan a jere.

Ƙanwata Trezika mai gasa burodi, shekararta arba'in da shida, ta rantse tana ajiye igiyar nan za ta koma birnin Maribor. Kowa ya san wanda take jira, ban da shi. Malam Geza ke nan, tsohon malamin makaranta, wanda ya shekara ashirin yana rubuta littafi a kan kalma ɗaya tak, wadda kakanninmu ke faɗa in za su ce ja. Ya bi sawunta har Rasha da Poland, ya san 'ya'yanta da jikokinta, shi kuwa ko kaza bai ajiye ba. Kullum da safe sai ya karanta wa Trezika shafi guda kafin ya ɗauki burodinsa. Haushinsa nake ji, wallahi!

Aka ba su igiya ɗaya, tana gaba yana baya. Taku goma ya fara surutu.

"Trezika, kin san kalmar nan ta girmi cocinmu? Da ita mutanen dā ke jan jirgin ruwa a tudu, daga wannan kogi zuwa..."

"Malam, ja da hannu, baki ya huta."

Wajen gada santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a laka. Ta miƙa masa hannu.

"Tashi. Daga yau sai ka nemi mai ɗaga ka. Motar Litinin zan bi."

"To wa zan riƙa karanta wa?"

"Ga gungume nan."

Ya cire hula, ya dubi ƙasa.

"In aka... in muka ɗaura aure, baɗi ba sai an ja ba, ko?"

"Shekara ashirin kana tara kalmomi, abin da ka iya haɗawa ke nan?"

"Shi ke nan, Trezika."

Ta goge ido da bayan hannu. "To, ya isa."

Aka ɗauki shewa, amma dattijon da ke jagorantar ja ya ce jan bana dai bai faɗi ba, sai an kai gungume. Trezika ta koma baya, suka kama igiya wuri ɗaya. Malam Geza ya yi ta ja har bakin coci. Tafin hannunsa duk ya saluɓe, bai saki ba.