Rigar Uban Amarya

Shekara ashirin da tara ke nan Martina tana auren Dokta Felix, ba ta taɓa ganin ya isa wani wuri a kan lokaci ba. Ba kuma rashin agogo ba ne, yana da shi, ƙato mai ruwan zinariya, yana ɗaga hannu kowa ya gani. Shi dai a ganinsa babban mutum ba ya jira, shi ake jira. Ɗalibansa a jami'a su jira shi, kwamitin coci ya jira shi, har direbobin Kaduna sun sha kashe mota a tasha don Dokta ya aiko a riƙe masa kujerar gaba. Mutanen Zariya da kawaici, suka yi ta jiransa har ya ɗauka haka Allah ya tsara duniya.

A shekarar 2006 sai abu biyu suka haɗu a mako guda. Na farko bikin Diana, 'yarsu tilo, da wani malamin sakandare mai suna Elias, ran Asabar ɗin ƙarshen Oktoba. Na biyu, wani tsohon ɗalibinsa da ya yi arziki a Turai, Uzodinma, ya aiko masa da gayyatar yawon shaƙatawa na mako ɗaya a jirgin ruwa, irin manyan nan da suka kai unguwa guda, a ci a sha a leƙa garuruwa. Jirgin zai ƙare yawonsa a birnin Basalona, can Turai, ran Juma'a da safe. Jajibirin biki ke nan fa!

"Baban Diana, ka roƙe shi ya ɗaga maka zuwa baɗi mana," in ji Martina.

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Ke me kika sani game da tafiya? Iyakarki Kafanchan."

Ta bi shi Sabon Gari wajen Oby mai sayar da tikitin jirgi. Diana ma ta biyo su don karɓar katin biki a wajen masu buga takardu. Oby 'yar Ibo ce amma haifaffiyar Zariya, Hausa kamar jakin Kano, kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta duba takardun, ta girgiza kai.

"Oga Dokta, jirgin ruwa zai tsaya ƙarfe bakwai, na sama zai tashi goma da kwata. In ka rasa shi, ka rasa na Kano da za ka canja a Holan, kuma babu wani sai Litinin. Mutum dubu uku ne a cikin jirgin nan, ba a lokaci ɗaya ake sakinsu ba. Ka sauka ran Laraba a garin da za ku ya da zango, in yanka maka tikiti daga can."

"Laraba?" Dokta ya yi wata dariya ta raini. "Ran Alhamis ake cin abinci da kyaftin ɗin jirgi, a yi hoto da shi. In sauka Laraba in ce na je ina? Bakwai zuwa goma awa uku ne cur. Ni da nake sauka daga motar Legas a Kwangila, minti sha biyar ina Samaru?"

"Oga, Basalona ba Kwangila ba ce."

"Yanka mini na Juma'a. Ki sa Dokta a gaban sunan, da manyan baƙaƙe."

Ka ji fa! Wai jirgi zai ga manyan baƙaƙe ya kashe inji. Martina ta ji kunya kamar ta nutse a wurin. Ta waiwaya ta dubi 'yarta, tana zaton za ta yi kuka ko ta roƙi ubanta. Sai Diana ta miƙe ta ce su yi gaba, za ta biya wajen tela.

Kafin ya tafi, Dokta ya bar umarni kamar mai barin wasiyya. An ɗinka masa babbar riga ta farar shadda, da aikin zare ruwan ƙasa wanda ya dace da ankon dangi. A rataye ta, kada kowa ya taɓa. Ya ma gwada a gaban madubi yadda zai amsa in Fasto ya tambaya wa ke ba da yarinya. Sa'an nan batun Toma.

Toma ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai walda a Sabon Gari, siriri, hannuwa duk tabon wuta. Shi ya riƙa kai Diana firamare a kan tsohon babur ɗinsa. Shi ya goya ta zuwa asibitin Shika lokacin da zazzaɓin taifot ya kusa tafiya da ita, Dokta yana taro a Ibadan. Ranar da ta gama jami'a, jami'ar da ke bayan gidansu, Toma ne ya tafa mata. Uban ya iso ana kwashe kujeru.

"Ki gaya wa Toma ya zauna a baya," in ji Dokta. "Farfesoshi za su zo. Kada ya zo yana miƙa musu wannan hannun nasa."

Ran Juma'a gidan ya cika maƙil. An yanka sa, matan zumuntar coci sun kafa tukwane a bayan gida suna waƙa, dangin ango sun iso daga Zonkwa a mota biyu. Wajen sha biyu wayar Martina ta yi ƙara, lambar waje. Ta ɗauka.

"Mutanen nan ba su da mutunci!" Dokta ne, yana huci. Wai jirgin ya tsaya bakwai daidai, amma tun jiya aka kwashe akwatunan kowa aka ɗaura musu takardu masu launi, ana kiran mutane launi-launi. Nasa ruwan hoda ne, shi ne na ƙarshe. Ya gaya wa ma'aikatan ko shi wane ne, suka ce ya koma ya zauna. Bai taka ƙasa ba sai goma saura, ga layin neman akwati, ga layin tasi. Ya isa filin jirgi sha ɗaya ta wuce. "Ko minti ɗaya ba su ƙara ba, Martina. Da sunana a takardarsu!"

"To yanzu fa?"

"Ki kira Fasto. A ɗaga zuwa Laraba."

Martina ta dubi tukwanen, ta dubi tsofaffin Zonkwa da ke zaune a kan tabarma da kwanon kunu a hannu. Wani baƙin ciki na shekara ashirin da tara ya taso mata.

"Baban Diana, wannan sa da aka yanka, shi ma ya jira ka zuwa Laraba?"

Ta kashe wayar, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

Ta sami Diana a ɗaki ana yi mata kitso, ta gaya mata. Yarinyar ta ce, "To, Mama," kamar an ce mata gishiri ya ƙare. Wannan "to" ɗin ya fi kuka yi wa Martina ciwo. Ta jawo rigar Dokta daga inda take rataye, tana auna ta da ido. In Toma ne zai shiga da amarya, me zai sa? Wannan riga an yanka ta ne don tumbin Dokta, Toma uku za su shiga ciki su yi hira.

"Mayar da ita, Mama," in ji Diana. "Ni zan yi wa Baba Toma magana."

Ran Asabar ƙarfe goma daidai aka buɗe ƙofar coci. Farfesoshi sun cika layin gaba. Martina ta waiwaya a tsorace, tana addu'a kada Toma ya shigo da kaftaninsa na Kirsimeti da ya koɗe.

Sai ga shi riƙe da hannun Diana, cikin babbar riga ta farar shadda, da aikin zare ruwan ƙasa, irin na Dokta sak. Amma wannan ta zauna masa ɗas a kafaɗa, tsawonta daidai ƙaurinsa, har hula. Martina 'yar gidan teloli ce, ta san irin wannan aikin hannu ba ya ƙarewa a kwana ɗaya, ko a mako ɗaya. Nan take ta tuna ofishin Oby, da yadda Diana ta miƙe ta ce za ta biya wajen tela. Hawaye suka zubo mata, matan zumunta suna zaton na murna ne.

Fasto ya ce, "Wa ke ba da wannan yarinya aure?"

Sai da Diana ta matse masa hannu, sa'an nan ya ce, "Ni ne." Babu wanda ya ji wani abu ya ragu. Bayan an tashi, farfesoshin nan suka yi layi suna gaisawa da shi hannu biyu.

Dokta ya iso ran Talata da hantsi, da akwati uku da wani ƙaton ambulan a hammata. Tun daga ƙofa yake zagin Turawa. Ya zaro hoton daga ambulan: shi da kyaftin, kafaɗa da kafaɗa, yana washe baki. Ya shiga falo yana neman ƙusar da zai rataye shi, sai ya tarar mai hoto ya riga ya kawo na biki, Martina ta ɗora a kan talabijin. Ya matsa kusa, ya gyara tabarau.

"Rigata kuka ba mai walda?"

Martina tana shara, ba ta ko ɗago ba.

"Taka tana inda aka rataye ta, ba wanda ya sa ta. Wannan tasa ce. Da awonsa aka yanka ta."

"Yaushe? Juma'a fa na kira ki."

Sai a lokacin ta jingine tsintsiya ta dube shi.

"Ranar da ka yanki tikiti. 'Yarka ce ta kai ɗinkin, tun kana Zariya."

Ya zauna a bakin kujera, hoton kyaftin a kan cinyarsa. Martina ta ɗauki tsintsiyarta ta ce ya ɗaga ƙafa.